Shekarar da Na Zaɓi Tudu

Hadiza ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ta dawo daga wani biki a Batsari ranta a ɓace, ta zauna gefen tabarmata ta ƙi magana, sai da na matsa mata. Ashe wata tsohuwa ce ta nuna ta a cikin mata, ta ce ga ɗiyar wanda ya ƙwace zinaren ɗan'uwansa. Hadiza ta tambaye ni ko gaskiya ne. Na ce mata ba gaskiya ba ne, amma na kasa ce mata tsohuwar ƙarya ta yi gaba ɗaya. Tunda maganar ta fara isowa gare ku, ku 'ya'yana, kuma waɗanda aka yi abin a gabansu sun kusa ƙarewa, gara in rubuta muku yadda aka yi, da inda nake da gaskiya da inda ba ni da ita.

Mu biyu muka rayu a ɗakin Inna, ni da Yaya Rabe, wanda ya girme ni da shekara tara. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, ya bar mana gona ɗaya a ƙauyenmu kusa da Zakka. Akwai kuma shanun da Inna ta zo da su daga gidansu, don ita ɗiyar makiyaya ce. Gonar kashi biyu ce ko a ido. Gabas ƙasa ce baƙa mai laushi, inda shanu suke kwana duk rani tun kafin a haife ni. Yamma kuwa tudu ne mai tsakuwa, ko gero ba ya son shi, sai dai a yafa wake a bar wa Allah. Yaya Rabe ne ya riƙe gonar, ya riƙe Inna, ya riƙe ni. Bai taɓa zama a aji ba, amma shi ya tsaya kai da fata sai na yi karatu, kuma duk lokacin da makaranta ta nemi wani abu, bijimi ne yake fita daga garken ya nufi kasuwa. Inna ba ta taɓa kama sunansa ba, don ɗan fari ne. In za ta yi maganarsa sai ta ce “yayanka”, in yana kusa kuma ta ce “wancan”.

A jami'a ilimin duwatsu na karanta. Ba ni na zaɓa ba, nan aka jefa ni, kuma shekarar farko da ƙyar nake zama. Abin da ya juya ni wata tafiya ce da malamanmu suka kai mu ƙasar Sakkwato. Aka tsayar da mota a gindin wani tudu busasshe, babu ko kududdufi a kusa, aka ce kowa ya duƙa ya duba ƙasa. Na duƙa. Ƙumba ce da katantanwa ko'ina, sun zama dutse, wasu a manne da juna kamar yadda ruwa ya bar su. Kafin la'asar na tsinci haƙorin wani babban kifin teku mai cin nama, baƙi wuluk, bakinsa har yanzu da kaifi. Malaminmu ya ce nan da muke tsaye teku ne a da, kimanin shekara miliyan sittin da suka wuce, kuma ruwan ya ratsa ta inda hamada take a yau. Na daɗe ina karanta irin waɗannan lambobi a littafi, ban taɓa yarda da su a zuciya ba sai da haƙorin nan ya ɗan yanke ni a yatsa.

Da na zo hutu na kai wa Inna shi. Na same ta da hantsi tana kaɗa nono a gindin darbejiya. Ta juya shi a tafin hannunta, ta shinshina, ta tambaye ni ko mu ma nan teku ne a da. Na ce duwatsunmu ba su nuna haka ba, don namu sun girmi na Sakkwato nesa ba kusa ba. Na nuna mata manyan duwatsun da ake hangowa daga bayan gida, na ce waɗancan sun kai shekara miliyan ɗari shida, a can cikin ƙasa suka narke suka daskare, sannan ruwa da iska suka yi ta kankare abin da ke kansu har suka fito fili.

“Lokacin su wa ke nan ƙasar?” in ji ta.

“Babu kowa, Inna.”

“Ban ce mutane ba. Namun daji.”

“Babu su. Babu itace, babu ciyawa, babu ko tururuwa. Duk abin da ke da rai yana cikin teku, kuma yawancinsa ido ba ya ganinsa.”

Ta daina kaɗa nonon. Na ci gaba da zuba, don na samu mai saurare. Na ce mata duniya ta kai shekara biliyan huɗu da rabi, kuma mafi yawan wannan lokaci rai bai wuce irin gansakukar da ke kan tulu ba. Can daga baya aka sami masu ƙumba, sannan kifi, sannan tsiro ya hau tudu, ƙwari suka bi shi. Aka yi zamanin wasu manyan dabbobi masu kama da ƙadangare, wasunsu sun ninka giwa, suka daɗe suna mulki, suka shuɗe. Ciyawa irin wadda shanu ke ci ta zo a makare, saniya ta zo bayanta, mutum kuwa kamar yanzu ya yi sallama. Inna ba ta kula da manyan dabbobin ba. Hankalinta yana can baya.

“To ruwan sama fa? Yana sauka?”

“Yana sauka.”

“Babu mai sha, babu mai shuka, babu mai jin ƙararshi?”

“Babu.”

Ta ɗauki maburkakinta ta ce, “Allah mai haƙuri ne.”

Na yi zaton za a sami wanda zai ce karatu ya ɓata ni. Ba a samu ba. Baffa Iro, ƙanen mahaifinmu, wanda yake limancin masallacin unguwa, cewa ya yi kwanakin Allah ba irin namu ba ne, kuma wanda ya halicci dutse ya fi kowa sanin shekarunsa. Yaya Rabe kuwa dariya ya yi har da riƙe ciki, ya ce kifi a Sakkwato, amma ya karɓe haƙorin ya sa a aljihu. Duk ranar kasuwar Safana sai ya fito da shi ya nuna wa mutane, yana cewa ƙanensa ne ya tono, kuma ya ƙara wa shekarun wasu miliyoyi daga aljihunsa.

Na yi aiki shekara ashirin da 'yan kai tare da masu haƙa rijiyar burtsatse. Aikina shi ne in nuna inda za a kafa injin, in kuma zauna gefe ina duban garin dutsen da yake fitowa, in faɗa musu ko an kusa ruwa. Na so aikin. Amma ya koya mini wata ɗabi'a da ban lura da ita ba sai da ta yi ɓarna. Komai aka kawo mini sai in ja da baya in hango shi daga nesa. In damina ta yi gardama, sai in ce an yi farin da ya fi wannan kafin a yi mutum. In an yi rigimar iyaka, sai in ce wannan ƙasa ta ga teku ta ga hamada, ba za ta tuna da mu ba. Mahaifiyarku takan ce zama da ni kamar zama da dutse ne, akwai inuwa amma babu hira. Ni kuma ina ɗauka natsuwa ce.

Shekarar da nake son ba ku labarinta ta fara da asara. Da bazara ɓarayi suka kore shanun ƙauyenmu, namu duka suka tafi, har da jikokin saniyar da Inna ta zo da ita gidan aure. Ba a kashe kowa ba, shi ya sa ni daga Katsina na ce alhamdu lillahi, na aika da abin da ya sawwaƙa, na koma aiki. Ban fahimci abin da aka ɗauke wa Yaya Rabe ba. Ba dabbobi kawai ba ne. Shanun huɗa ne, takin gona ne, nonon yara ne, kuma su ne suke sa in ya shiga taro a matsa masa wuri. Yana da mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya. Ya yi noman shekarar da hannu, ya shuka rabin abin da ya saba.

Cikin tsakiyar damina aka yi wani ruwa mai ƙarfi, ya yaga zaizaya a gefen tudun nan na yamma. Da Yaya Rabe ya je duba ɓarna sai ya tarar ruwa ya buɗe wani layin farin dutse, faɗinsa kamar kamu uku, ya ratsa cikin baƙin dutse ya nufi ƙasa. A jikinsa akwai ɗigo-ɗigo masu ƙyalli. Bai gaya wa kowa ba sai Inna. Ya kira ni a waya, abin da ba ya yi sai da dalili, ya ce in taho da gudumata.

Na zo ranar Asabar. Muka tafi mu biyu da sassafe. Na fasa dutsen, na duba da ɗan gilashina, na ce masa yawancin masu ƙyallin nan ba komai ba ne, wani ƙarfe ne da yake ruɗin mutane, in an buga shi rugujewa yake. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Da na tsaya nan, da babu wannan rubutu. Amma ban iya rabin aiki ba. Na daka wani ɓangare a kan falalen dutse, na zuba garin a kwano, na shiga cikin zaizayar inda ruwa ya kwanta, na yi ta wankewa ina zubar da yashi. Da ya rage kaɗan sai ga wani siririn layi rawaya a gefen kwanon. Na danna ƙwaya ɗaya da tsinin allura, ba ta fashe ba, sai ta baje. Yana tsaye a kaina, ya ga abin da na gani.

“Shi ne?”

“Shi ne, Yaya.”

Ya zauna a kan dutse ya rufe fuskarsa da hannu biyu. Na ji yana godiya ga Allah a hankali. Ni kuwa ban yi murna ba, don aikina ya kai ni wuraren da aka sami irin wannan layi, can yamma da mu. Na ga yadda gari yake zama cikin wata uku. Baƙi su cika shi, gona ta koma ramuka, mata su riƙa daka dutse a turmin da suke daka hatsi, ƙura mai gubar dalma ta sauka a kan tuwo da tabarma, yara su fara suma suna mutuwa. Na ga rijiyar da na haƙa da hannuna an daina shanta. Kuma na san inda zinare ya fito, masu bindiga ba sa daɗewa ba su ji ba. Waɗannan su ne dalilaina, kuma har yau ban janye ko ɗaya ba.

Sai dai ba su na fara faɗa masa ba. Na tsaya a kansa na yi masa lacca. Na ce wannan layi ruwan zafi ne ya ajiye shi a cikin tsagar dutse tun babu abu mai rai a bayan ƙasa, ya kwanta shekara miliyan ɗaruruwa bai dami kowa ba, kuma in aka tono shi, cikin shekara biyu zai ƙare. Na ɗebo ƙasa daga gefen zaizayar na nuna masa. Na ce kaurin yatsa ɗaya na irin wannan kan ci shekaru ɗaruruwa kafin ya taru, sai dutse ya ruɓe, saiwa ta shige shi, tsutsa ta juya shi, dabba ta yi kashi a kai. Na ce baƙar ƙasar gabas ita ce zinaren gaske, ita za ta ciyar da jikokin jikokinmu. Na daɗe ina magana, kuma ina jin daɗin yadda take fita. Ya bar ni har na gama.

“Sada,” ya ce, “miliyan nawa ka ce?”

“Wajen ɗari shida.”

“Ni kwana arba'in nake nema, zuwa sabon gero. Rumbuna ya kai ƙasa. Jiya tafasa aka ci a gidana, babu ƙuli.”

Na ce zan aiko da hatsi, kuma na aiko. Ya ce ya gode, amma shi ba ciyarwa yake nema ba, so yake ya mayar da shanu a garke, ya sake zama mutum. Ya ce shanun Inna aka sayar aka koya mini dutse, yau dutse ya zo har gida, abin da yake roƙo kawai in nuna masa inda zai bi da ramin don kada ya rufta da shi. Na ce ba zan nuna ba, kuma ban yarda a tona ba, tunda gonar ba a raba ta ba, ina da haƙƙi a kowane taku. Muka dawo gida yana gaba ina baya.

Bayan kaka ya kai maganar wurin Baffa Iro, ya ce a raba gado. Aka zauna a zauren Baffa bayan azahar, da dattawa uku. Inna ta aiko cewa rabonta a bar shi a cikin ƙasar gabas, ba ta da abin cewa bayan wannan. Baffa Iro yana gudun rigima, sai ya kawo shawarar da yake ganin babu wanda zai yi kuka da ita. Babba ya ja iyaka, ƙarami ya zaɓi ɓangaren da yake so. Muka amince, aka shafa fatiha, aka ɗunguma zuwa gona.

Yaya Rabe bai yi wani dogon tunani ba. Ya ɗauki sanda ya ja layi daidai gindin tudu. Tudun kaɗai a gefe guda, ɗan ƙarami, tsakuwa zalla. Duk baƙar ƙasa, da kukar da ke tsakiyarta, da wurin kwanan shanu, a ɗaya gefen. Dattawan suka ce wannan rabo bai yi daidai ba, ya cuci kansa. Ya ce ya sani. Ya juyo ya dube ni, fuskarsa babu fushi, har da ɗan murmushi.

“Kai ka ce ƙasa ta fi. Ga ta nan duka, na ba ka. Ka bar mani tsakuwata.”

Ku lura da wannan wuri, don nan ne maganar take. Bai ja layin nan don wayo ba. Ya ja shi ne don ya yarda da maganata. Ya ɗauka abin da na faɗa a kan tudu shi ne abin da ke raina, sai ya ba ni abin da na yaba, ya kuma ba ni da yawa. Na tsaya ina kallon layin. Na san in na ɗauki gabas, kafin sati ramin farko ya buɗe, kuma yaran da za su sha ƙurar 'ya'yansa ne. Na san kuma in na ɗauki yamma, na yi amfani da amanarsa na kama shi. Baffa Iro ya ce, “Sada, muna jiranka.”

Na ce, “Na zaɓi tudu.”

Wani daga cikin dattawan ya yi salati. Yaya Rabe ya dube ni kamar bai gane yaren da na yi ba, sannan ya ajiye sandar a hankali, ya kakkaɓe hannunsa, ya bi hanyar gida. Kafin magariba labari ya zaga ƙauye cewa ɗan boko ya auna zinare da na'ura, ya yi wa yayansa daɗin baki, ya kwashe. Wannan labari ne ya rayu har ya iso kunnen Hadiza.

Na shiga wurin Inna in yi mata sallama. Tana zaune tana tsince wake, ba ta ɗago ba. Na fara yi mata bayanin dalma da yara, ta ɗaga hannu.

“Na ji. Wataƙila kana da gaskiya. Amma mi ya sa ba ka faɗa mashi haka tun farko ba, ka zauna kusa da shi, ka ce tsoro kake ji? Ka tsaya a kanshi kana ƙirga mashi shekarun da babu kowa a cikinsu. Yayanka cikin wannan shekara yake, Sada, da shi da yaranshi. Kai ban san cikin wadda kake ba.”

Na ajiye mata abin da na zo da shi na fita.

Na sa aka cike zaizayar da ƙasa da ƙaya, na dasa bagaruwa a kai. Sau biyu wasu baƙi suka same ni har Katsina suna neman in ba su wurin, na ce ba na bayarwa. Ban taɓa ɗaukar ko ƙwaya ɗaya daga tudun nan ba, kuma wanda ya je yau zai ga bagaruwa ta yi kurmi. A nan tsohuwar da ta nuna Hadiza ta yi kuskure. Amma ina zaton na rufe ƙofa ne, ashe tura yayana waje na yi. Yaya Rabe ya riga ya ga rawayan layin nan a kwano, kuma ya riga ya ji yadda ake dubansa a ƙauye, mutumin da aka kwashe wa shanu aka kuma yi wa wayo. Ana gama sussuka ya bar gonar a hannun manyan 'ya'yansa, ya bi wasu samari zuwa ramukan zinare na can yamma da mu. Mutum mai shekara hamsin da ɗoriya, ya shiga ramin da ba nasa ba, a ƙasar da ba tasa ba, babu wanda zai nuna masa inda dutse yake da rauni.

Shekara shida ya yi yana zuwa yana komawa. A ta biyu Inna ta rasu. Muka zauna zaman makoki a tabarma ɗaya kwana uku, in an zo gaisuwa mu amsa tare, in an tafi kowa ya kalli gabansa. Yaya Rabe ya sayi shanu biyu, daga baya huɗu, aka sake kore su. A shekara ta shida aka kawo shi a mota, yana tari, ya rame har ban gane shi ba. Likita ya nuna mini hoton ƙirjinsa, ya fara yi mini bayani, na ce ya bari, na sani. Ƙurar farin dutse ce, irin wanda na daka a kan falalen dutse ranar nan. In ta shiga huhu ba ta fita.

Na sha zama in auna abin. Da na ɗauki gabas, da ya tona tudunsa, da wataƙila na tsaya masa, na sa a riƙa jiƙa dutsen kafin a daka, na hana a kai shi cikin gida. Da wataƙila yana nan da ransa. Amma kuma da wataƙila ƙauyen ya cika da baƙi, da an binne wasu daga cikin 'ya'yansa waɗanda yau kuke zumunci da su, kuna zuwa sunan 'ya'yansu. Ban san wanne ne ba, kuma na daina yi wa kaina alƙawarin zan sani. Karatuna ya koya mini in dubi dutse in faɗi abin da ya faru kafin a yi mutum, kuma har yau in na tuna girman wannan lokaci sai in ji tsoron Allah ya kama ni. Amma bai koya mini abin da zai faru da mutum ɗaya cikin shekara shida ba. Abin da na tabbata da shi kaɗan ne. Ban ci zinarensa ba. Na kama shi da amanarsa a gaban mutane. Kuma lokacin da yake buƙatar ƙane, malami ya samu.

Tudun yanzu ba nawa ba ne, kada waninku ya neme shi bayan raina. Na ba 'ya'yan Yaya Rabe a gaban shaidu, na zaunar da su na gaya musu abin da ke ƙarƙashinsa da abin da tono shi yake jawowa, ban rage komai ba. Abin da za su yi da shi nasu ne.

Lokacin da zaman ƙauye ya gagara saboda rashin tsaro, iyalinsa suka dawo Safana, ni ma na ajiye aiki na kama gida a unguwa ɗaya da su. Ba ya iya taka ƙafa zuwa masallacin Juma'a, numfashi ba ya kai shi. Ranar Juma'ar farko na tura babur ɗina ƙofar gidansa na tsaya, ban yi sallama da niyyar komai ba, ban kuma san abin da zan ce ba. Ya fito yana dafa bango, ya dube ni, ya dubi babur ɗin. Ya hau. Ya riƙe rigata ta baya da hannu ɗaya. Haka muka yi kusan shekara biyu, kowace Juma'a. Muna maganar ruwa, da farashin taki, da auren yara. Maganar gona ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba. Sau da yawa na shirya kalmomin neman gafara tun daga gida, in na ji hannunsa a bayana sai in fasa faɗa.

Juma'arsa ta ƙarshe cikin damina ce. Da aka sallame ya ce kada mu bi ta cikin gari, mu zaga ta bayan gari. Na bi hanyar da ta ratsa gonaki. Gero ya fitar da kai, dawa ta yi baƙi-ƙirin don ƙoshi, mata suna tsinkar rama a gefen hanya. Ina sauri don hadari ya taso daga gabas, kuma ina tsoron kada ruwa ya taɓa masa ƙirji. Sai na ji ya saki rigata, ya zagayo da hannuwansa biyu ya riƙe ni sosai, ya kwantar da kansa a bayana kamar yadda nake yi masa in ya goya ni zuwa gona ina yaro. Na ce, “Yaya, lafiya?”

“Lafiya lau,” ya ce. “Rage gudu, ƙanena. Ina son in ga gonakin mutane.”

Na rage. Ruwan ya same mu a hanya, muka iso gida a jiƙe, yana dariya yana tari. Ranar Talata ya rasu.